Masu Neman Zanen Mutanen Dā a Duwatsun Hamada

Kowane mutum da abin da yake kashe lokacinsa a kai in ya tashi daga aiki. Wani farauta, wani kiwon tattabaru, wani dara a gindin bishiya. Akwai kuma waɗansu, ba su da yawa, waɗanda in sun sami hutu sai su kwashe ɗan abin da suka tara, su yi hayar mota ko raƙumi, su shiga Hamadar Sahara, su yi ta bin gindin duwatsu suna leƙe-leƙe tun safe har yamma. Ba zinariya suke nema ba, ba kuwa wanda ya aike su. Abin da suke nema shi ne siffofin dabbobi da na mutane waɗanda mutanen dā suka sassaƙa ko suka zana a jikin dutse tun ba a san rubutu ba. Irin waɗannan siffofi suna nan dubbai a Nijar, da Cadi, da Aljeriya, da Libiya, har zuwa kan iyakar Masar da Sudan. Kashi mai yawa na abin da aka sani game da su yau ba daga hannun shaihunan jami'a ya fara fitowa ba. Sau da yawa soja ne, ko injiniya, ko ɗan kasuwa, wanda sha'awa ta kama shi ta ƙi sakinsa, a gabansa kuwa kusan kullum akwai ɗan ƙasa mai nuna hanya.

Ɗaya daga cikin Turawan farko da suka ba da labarin wannan zane shi ne Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim. Shi ba zane ya fito nema ba. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, shi da abokansa biyu, don su ƙetare hamada daga Tarabulus zuwa ƙasashen baƙar fata. A watan Yuli na 1850, tsakanin Murzuk da Gat, ayarinsu ya sauka a wani kwari da ake kira Telisage, a ƙasar da take Libiya yau. A jikin duwatsun wurin ya ga an sassaƙa waɗansu halittu biyu masu jikin mutum da kan dabba, ɗaya riƙe da baka, da sa a tsakaninsu. A wani dutsen kuma ya ga garken shanu. Barth ya zauna ya kwafe su cikin littafinsa, sa'an nan ya yi wani tunani wanda har yau ba a rushe shi ba. Ya lura cewa ga shanu birjik amma babu raƙumi ko ɗaya cikin tsohon zanen, alhali kwarin da yake zaune ba zai iya ciyad da garken shanu ba. Saboda haka ya ce lalle akwai lokacin da ƙasar take da albarka fiye da haka, shanu ne kuma dabbobin mutanen wurin kafin raƙumi ya zo. Daga nan ya wuce Abzin, ya shiga Agadas a watan Oktoba, ya kai Kano a farkon 1851.

Masana na baya sun tabbatar da abin da ya hanga. Tsakanin shekara 11,000 da shekara 5,000 da suka wuce, damina tana kaiwa can arewa nesa da inda take tsayawa yanzu. Dalilin kuwa shi ne, yadda duniya take karkata tana kewaya rana yana sāke kaɗan kaɗan cikin dubban shekaru, a wancan zamani zafin bazara a arewacin Afirka ya fi ƙarfi, yana jawo iskar ruwa daga teku zuwa cikin ƙasa. Inda yake rairayi yau, dā ciyawa ce da tafkuna. Tafkin Cadi ya yi girman da ya wuce murabba'in kilomita 300,000. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, waɗansu masu neman ƙasusuwan manyan dabbobin dā suka yi kiciɓis da wata maƙabarta a shekara ta 2000, mai kaburbura wajen 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe, ga ƙasusuwan kifi da na kada da na dorina a warwatse. Mutanen da suka zauna a irin waɗannan wurare su ne suka bar zane a duwatsu.

Amma a zamanin Barth, har shekaru da yawa bayansa, masu ilimi a Turai ba su yarda cewa mutanen da suke aiki da gatarin dutse sun iya zane mai kyau ba. Wanda ya fara faɗin haka a fili, ya kuma sha wuya a kansa, ba masani ba ne. Marcelino Sanz de Sautuola sunansa, mutumin arewacin Sifaniya, mai gonaki wanda ya karanta shari'a. A 1878 ya je wani babban baje koli a Faris, babban birnin Faransa, ya ga kayan dutse da na ƙashi da aka tono daga koguna, sai abin ya shiga ransa. Da ya komo gida ya shiga tono a bakin wani kogo da ake kira Altamira. A 1879 ya tafi tare da 'yarsa Mariya, mai shekara 8. Uban yana durƙushe yana duban ƙasa, yarinyar kuwa ta ɗaga kai, ta ga rufin kogon cike da manyan dabbobi masu kama da ɓauna, an zana su da ja da baƙi. Sautuola ya buga ɗan littafi a 1880 ya ce aikin mutanen zamanin dutse ne. Manyan masana suka yi masa ca. Waɗansu suka ce zanen ya yi kyau da yawa, ba zai zama tsoho ba, har aka yi raɗe-raɗin wai an yi hayar mai fenti ne ya yi shi. Ya rasu a 1888 da wannan tabo a sunansa. Sai a 1902, bayan an sami irin wannan zane a koguna da dama a Faransa, babban mai musun nan, Émile Cartailhac, ya rubuta a fili cewa ya yi kuskure, ya kuma je Altamira da kansa. Shekara 14 ke nan da binne mutumin da ya kamata a roƙi gafararsa.

Wanda ya raka Cartailhac a wannan tafiya wani matashin Fada ne na ikilisiyar Katolika, Henri Breuil. An naɗa shi firist a 1900, amma shugabanninsa suka bar shi ya ba da ransa ga nazarin koguna maimakon riƙon ikilisiya. Ya yi kwana da kwanaki kwance rigingine a ƙarƙashin rufin Altamira yana kwafe dabbobin da hasken kyandir. Daga baya ya zama mutumin da duk wanda ya sami zane a dutse, ko a wace ƙasa, yake aika wa da labari. Ta hannunsa ne labarin ya koma hamada.

A kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da iyakar Libiya da Nijar, akwai wani tudun dutse mai faɗi da ake kira Tasili n'Ajjer, girmansa wajen murabba'in kilomita 72,000. Iska da ruwan dā sun ci dutsen har ya zama kamar kufan birni, ga lunguna, ga ginshiƙai, ga rumfunan dutse inda mutum zai fake. A farkon shekarun 1930, wani laftanar na sojan raƙuman Faransa, Charles Brenans, yana sintiri a kwarin Jerat, sai ya ga giwaye, da karkanda, da raƙuman dawa, da dorina, an sassaƙa su a bangon kwarin, waɗansu sun fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. Aikin Brenans tsaron ƙasa ne, ba wanda ya koya masa tonon tarihi. Duk da haka ya ɗauki fensir da littafi, ya yi shekaru yana hawa tudun yana kwafe abin da ya gani, yana aikawa Aljas da Faris. Breuil ya buga zanen nasa a 1954.

Sai dai in an ce Brenans ne ya gano zanen Tasili, an faɗi rabin magana ne. Baƙo ba ya hawa wannan tudu shi kaɗai ya sauko da rai. Wanda yake gabansa wani Ba'abzine ne mai suna Jibrin ag Muhammad, haifaffen wurin, wanda ya san kowace rumfa da kowane gurbin ruwa. Jibrin da mutanensa sun saba ganin zanen tun suna yara suna kiwon awaki. Sunan da suka ba ɗaya daga cikin wuraren, Jabbaren, ma'anarsa ƙattai, saboda manyan siffofin da ke jikin dutsen. Jibrin ne ya yi wa Brenans jagora. Shi ne kuma ya yi wa wata mace 'yar Suwizalan jagora, Yolande Tschudi, a farkon shekarun 1950, littafinta kuwa ya riga na mutumin da ya kwashe suna fitowa. Da wannan mutum ya iso, Jibrin ne dai ya shige masa gaba, ko da yake tsufa ya fara kama shi.

Mutumin shi ne Henri Lhote. An haife shi a 1903, ya tashi maraya, yawancin iliminsa kuwa da kansa ya koya, sai daga baya ya sami takardar digiri. Ya yi shekaru yana yawo a hamada a kan raƙumi, ya san Brenans, su biyun suka shirya babbar tafiya don a kwafe zanen Tasili da girmansa da launinsa. Brenans ya rasu ana gab da tashi. Lhote ya tafi a farkon 1956 da 'yan samari masu zane, da mai ɗaukar hoto, da ayarin raƙuma. Suka yi wata 16 a kan aikin. Hawan tudun kaɗai azaba ne, gama raƙumi dabbar rairayi ce, a kan tsakuwa da gangare ƙafafunsa sukan tsage. Da dare sanyi, da rana iska mai ƙura tana yage takarda. Yadda suke yi shi ne, su manna takarda mai shara-shara a jikin dutsen, su bi layin zanen da fensir, sa'an nan su mai da shi a kan takarda mai kauri su sa launi daidai da na dutsen. Suka komo da kwafi wajen 800. Aka baje su a Faris a ƙarshen 1957, jama'a suka yi ta tururuwa, littafin da Lhote ya buga a 1958 kuma aka juya shi cikin harsuna da yawa. Sunan Lhote ya game duniya. Jibrin ya rasu a 1981, waɗanda suka san sunansa a waje kuwa ba su da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba za a hana Lhote yabonsa ba. Da bai yi wannan wahala ba, mai yiwuwa da an daɗe kafin duniya ta kula, kafin a mai da Tasili wurin da doka ta tsare a 1972, a kuma sa shi cikin jerin kayan gādon duniya na hukumar UNESCO a 1982. Yau an lissafta zane da sassaƙa fiye da 15,000 a wurin. Amma akwai abubuwa da suka faru a tafiyar nan da ya kamata duk mai wannan sha'awa ya sani.

Na farko shi ne soso. Ƙurar dubban shekaru ta rufe zanen, launinsa ya dushe. Ma'aikatan Lhote suka gane cewa in an jiƙa dutsen launin yakan fito sarai kamar jiya aka shafa shi. Sai suka riƙa wanke bango da soso da ruwa, wani wurin har da goga, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Lhote bai ɓoye wannan ba, gama a ganinsa gyara yake yi. Abin da bai sani ba shi ne, ruwa yakan narkar da gishirin da ke cikin dutse, in ya bushe gishirin ya fito ya ɓamɓare fentin ko ya lulluɓe shi da fari. Wankin kuma yakan tafi da ɗan abin da masu awon shekaru na baya za su iya amfani da shi. Mafi muni, masu yawon buɗe ido da suka biyo baya sun koyi dabarar, suka yi shekaru suna watsa wa zanen ruwa don hoto ya yi kyau. Akwai siffofin da suke sarai a kwafin 1956 waɗanda yau da ƙyar ido yake rarrabe su. Garin gyaran gira aka taɓa ido.

Na biyu ya fi ban kunya. Cikin kwafin da aka buga akwai waɗansu mata huɗu masu kan tsuntsu, an zana su irin yadda Masarawan dā suke zane. Lhote ya yi murna da su ƙwarai, ya ɗauke su shaida cewa hannun Masar ya kai Tasili. Ashe waɗansu daga cikin samarinsa ne suka ƙirƙira su don su yi masa wasa, da suka ga ya ɗauki abin da gaske kuma suka kasa faɗa. Matan nan huɗu suka yi shekaru a cikin littafin kafin a cire su. Wasan ya kama shi ne domin abin da yake so ya gani ke nan. Mutanen zamaninsa da yawa, in sun ga aiki mai kyau a Afirka, sai su shiga neman baƙon da ya yi shi. Breuil kansa, da dukan iliminsa, ya faɗa wannan rami. A dutsen Brandberg na Namibiya akwai wani zane da wani mai awon ƙasa, Reinhard Maack, ya gani a 1918. Breuil ya je ya duba shi a 1947, ya ce farar mace ce daga wajen Bahar Rum, har sunan Farar Uwargida ya bi zanen. Da aka kwafe shi da kyau daga baya, sai ga shi namiji ne, aikin mutanen ƙasar, an shafa wa ƙafafunsa farar ƙasa. Shi kuma Lhote, wata babbar siffa mai zagayayyen kai da ke Jabbaren, tsayinta wajen mita 6, ya laƙaba mata sunan allahn mutanen duniyar Mars. Da wasa ya faɗa, amma waɗansu marubuta suka ɗauka suka yi ta sayar da littattafai, wai halittu ne daga sama suka sauko hamada. Abin mamaki, ya fi wa waɗansu sauƙi su gaskata da baƙi daga taurari da su gaskata cewa makiyayin Afirka ya iya riƙe alkalami.

Akwai wanda ya dubi kwafin Lhote da wani ido dabam. Amadu Hampate Ba, masanin nan Bafulatani na ƙasar Mali, ya ga garkunan shanu da yadda aka jera 'yan maruƙa a igiya ɗaya, ya ce wannan rugar Fulani ce. A 1966 shi da wata masaniya Bafaransa, Germaine Dieterlen, suka rubuta cewa ɗaya daga cikin zanen yana nuna bikin wankan shanu da Fulani suke yi kafin Musulunci. Masana na baya da dama ba su karɓi wannan fassara ba, suna cewa dubban shekaru sun yi yawa a ce al'ada ta zauna ba ta sāke ba. Ko da wane ne yake da gaskiya, duk wanda ya taɓa kwana a ruga zai gane abin da mai zanen yake kallo.

Daga dubban siffofin nan aka fitar da wani jeri wanda ake amfani da shi har yanzu, ko da yake ana gardama a kan iyakokinsa. Akwai sassaƙar manyan namun daji, da zanen mutane masu zagayayyen kai, sa'an nan zamanin shanu wanda ya fi kowanne yawa. Bayansa dawakai suka bayyana, waɗansu suna jan keken yaƙi mai ƙafa biyu. A ƙarshe raƙumi ya shigo, wajen shekara 2,000 da suka wuce, tare da haruffan da suka zama Tifinag, rubutun Abzinawa. Mai karanta jerin nan yana karanta bushewar ƙasa ne, daga dorina zuwa raƙumi. Amma sanya wa kowane mataki shekaru, nan ne ƙarfin mai sha'awa yake ƙarewa. Dutse ba ya faɗin ranar da aka sassaƙa shi. Sai an yi tono a hankali a gindinsa, an sami gawayi ko ƙashi an kai ɗakin awo. Haka wani masani Bafaranshe, Jean-Pierre Roset, ya yi a Iwelen, arewacin Abzin, inda ya tono mazaunin mutane da kaburburansu kusa da duwatsun da aka sassaƙa wa mayaƙa masu māsu da keken doki. Bakin māshin tagulla da ya samu a ƙasa ya yi daidai da wanda ke jikin dutse, awo kuma ya nuna shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Almasihu. Mai sha'awa da ya ɗauki shebur ya tona irin wannan wuri don neman tukunya ko kan kibiya, ya yage shafin da ba mai sāke rubuta shi.

Masu sha'awa na bayan Lhote sun koyi wannan darasi, mafi yawansu. Alfred Muzzolini injiniya ne, sai da ya manyanta ya ba da kansa ga zanen hamada, ya kuwa zama mai tsananin bin diddigi har ya ƙalubalanci shekarun da Lhote ya bayar, yana cewa an tsufar da waɗansu sassaƙa fiye da kima. A 1991 ya kafa ƙungiyar abokan zanen duwatsun Sahara a Faransa, inda malamin jami'a da likita da mai ritaya suke zama tare su gwada hotunansu. Wani miji da matarsa daga Beljiyam, Axel da Anne-Michelle Van Albada, sun yi shekaru suna komawa tudun Mesak na Libiya, wato yankin da Barth ya ratsa, suna bin kwari ɗaya ɗaya da ƙafa suna rubuta inda kowace sassaƙa take. A 2002 wani Ba'italiye, Massimo Foggini, da ɗansa Jacopo, tare da jagoransu Bamasare, Ahmed Mestekawi, suka leƙa wata rumfar dutse a Gilf Kebir, kudu maso yammacin Masar, suka tarar da bango mai siffofi dubbai da tambarin tafin hannu. Ba su taɓa kome ba, suka ba da labari. Masana daga jami'ar Kolon ta Jamus suka zo suka ƙidaya siffofi wajen 8,000. Cikin tafukan hannun akwai 13 ƙanana ƙwarai waɗanda kowa ya ɗauka na jarirai ne, sai a 2016 wata masaniya, Emmanuelle Honoré, ta auna yatsun ta nuna cewa ba na mutum ba ne, sun fi kama da ƙafar damo. Dalilin da ya sa mutum zai ɗora ƙafar damo a bango ya fesa mata jar ƙasa, wannan ya tafi tare da masu shi.

Maganin soso ma daga hannun mai sha'awa ya fito. Jon Harman, Ba'amurke masanin lissafi wanda yake bin zanen duwatsu a lokacin hutunsa, ya ɗauki wata dabara da ake amfani da ita wajen fito da launi a hotunan da ake ɗauka daga sararin sama, ya mai da ita manhajar kwamfuta a 2005, ya sa mata suna DStretch. Mutum ya ɗauki hoton bangon da ido ba ya ganin kome a kai sai ɗan ja-ja, manhajar ta ware launukan, sai ga saniya da makiyayinta sun fito. Daga baya aka yi irinta ta wayar hannu. Wuraren da aka ɗauka an gama da su tun zamanin Lhote, da aka koma da wannan dabara sai aka ga ashe akwai zane a ƙarƙashin zane.

Ba sai an shiga tsakiyar hamada ba. A Birnin Kudu, cikin jihar Jigawa ta Nijeriya, akwai shanu da aka zana a rumfunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗansunsu marasa tozo, ba irin shanun da ake kiwo a wurin yanzu ba. Bernard Fagg na hukumar kayan tarihi ya yi nazarinsu a 1955, ya kuma lura da duwatsun da ke kusa waɗanda in an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa. Mutanen garin sun san wuraren tun kaka da kakanni. Akwai irin wannan zane kuma a Geji da Shira cikin jihar Bauci.

Abin da ya fi damun masu wannan aiki yau shi ne, ganowa kanta tana iya zama sanadin hallaka. Zanen da ya yi shekara dubbai ba wanda ya dame shi, ranar da hotonsa ya fita a mujalla ranar ce kwanansa ya fara ƙarewa. Kogon Lasko na Faransa, wanda waɗansu samari huɗu suka gano a 1940, dole aka rufe shi a 1963, domin numfashin baƙi ya sa gansakuka ta fara cin bangon. A Gilf Kebir akwai wata rumfa mai siffofin mutane kamar suna iyo, wadda László Almásy ya gano a 1933. Bayan wani fim na 1996 ya sa ta yi suna, baƙi suka ɓamɓari bangon suka tafi da shi tsaraba, waɗansu suka rubuta sunayensu. A Mesak manyan motocin masu neman man fetur sun tattake wurare. A watan Afrilu na 2009 wani mutum ya bi rumfuna da dama a duwatsun Akakus na Libiya ya fesa musu fentin gwangwani, aikin da ya jure wa rana da iska tun kafin a gina dalar Masar ya lalace cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka ƙa'idar masu sha'awa na kirki ta zama gajeriya: kada a taɓa, kada a jiƙa, kada a bi layin da alli, kada a ɗauki ko tsakuwa, a sanar da hukumar kayan tarihi ta ƙasar, a kuma yi hankali da wanda za a gaya wa ainihin wurin.

A Nijar an gwada wata hanya. Arewa da Agadas, wajen kilomita 110, ba nisa da hanyar Arlit, akwai wani dutse a Dabus mai sassaƙa fiye da 800. A samansa, a kan wani falalen dutse mai gangare, an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban tsayinsa mita 5.4. Mai sassaƙar bai bar kome ba, ya fitar da dabbare-dabbaren jikin ɗaya ɗaya, ya goge su sumul, ba da ƙarfe ba, da dutse. Daga bakin kowanne wani layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Ko igiya ce, ko alama ce ta wani abin da suka gaskata, masana ba su daidaita ba, haka kuma shekarunsa: waɗansu sun ce 6,000 zuwa 8,000, waɗansu sun ce bai kai haka ba. Abzinawan wurin sun san shi. Christian Dupuy ya rubuta labarinsa a 1987, amma sai da mai ɗaukar hoto David Coulson ya je a 1997 duniya ta ji. Coulson ya riga ya kafa wata ƙungiya a Nairobi a 1996 don tsare zanen duwatsun Afirka, ya kuwa san abin da suna yake jawowa. Da izinin gwamnatin Nijar aka ɗauki tambarin sassaƙar da wani irin roba a 1999, aka zuba kwafinta da sanholo, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas domin mai son gani ya gani ba sai ya taka dutsen ba. Aka haƙa rijiya kusa da wurin, aka sa Abzinawa su zauna su yi tsaro su kuma yi wa baƙi jagora. A wannan karo 'yan ƙasa ba nuna hanya kaɗai suka yi ba, a hannunsu aka bar amanar.

Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010, suka yanke ƙafar baƙi daga yankin, ɗan abin da masu jagora suke samu ya tafi tare da su. Hotunan da Coulson da abokansa suka tara a ƙasashen Afirka da yawa, wajen 25,000, gidan kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya karɓi kwafinsu a 2013 ya sa su a intanet, waɗansunsu kuwa hotunan zane ne da aka riga aka ɓata.

Raƙumin dawa kansa ya daɗe da barin Abzin. Irin na Afirka ta Yamma ya ragu har a 1996 saura 49 kacal a duniya, dukansu a yankin Kure, gabas da Yamai, suna kiwo a gonakin gero tare da manoma. Da aka tsare su suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 a mota aka kai su gandun dajin Gadabeji cikin jihar Maraɗi, inda aka yi shekara kusan 50 ba a ga ko ɗaya ba.